Zanzibar ta wuce farin rairayi

Wani labari da na karanta ya ce Zanzibar, tsibiran ƙasar Tanzaniya, aljannar masu yawon buɗe ido ce, amma bai wuce farin rairayi da manyan otal-otal ba. Ina Pemba, tsibirin kanumfari? Ina tsohon garin Stone Town mai ƙofofin katako masu sassaƙa, inda aka rufe kasuwar bayi a 1873, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin wuraren tarihin duniya a 2000? Duk wanda ya ce wurin holewa ne kawai, ya sani mutanen Zanzibar galibinsu Musulmi ne, kullum roƙon baƙi suke su suturta jiki in za su shiga gari. Matan da ke noman ciyawar teku a ƙauyen Paje fa, nawa ke shiga hannunsu cikin kuɗin da baƙin ke kashewa?