Kamfanin jirgin Habasha na gwamnati ne, amma bai mutu ba

Duk lokacin da aka tayar da maganar kafa kamfanin jirgin sama na ƙasa a Najeriya, sai ka ji an ce ai gwamnati ba ta iya kasuwanci. Ban yarda da wannan hukunci ba, kuma hujjata tana Habasha.

Ethiopian Airlines mallakar gwamnati ne gaba ɗaya tun kafuwarsa. A watan Afrilun 1946, zamanin Sarki Haile Selassie, jirginsa ya fara tashi daga Addis Ababa zuwa Alkahira ta Asmara, kamfanin TWA na Amurka na riƙe da gudanarwa. Habashawa ba su yi gaggawar sallamar baƙin ba. Sun zauna sun koyi tuƙi da gyara, sai a 1971 ɗan ƙasa ya karɓi shugabanci. Abin da ya fi burge ni shi ne zamanin mulkin sojan Mengistu. Gwamnati ta jingina da Tarayyar Sobiyet, amma masu tafiyar da kamfanin suka tsaya a kan jiragen Boeing na Amurka, har suka karɓi samfurin 767 a 1984, kuma aka ƙyale su. Ko mai bindiga ya san inda zai ɗauke hannunsa.

Mu nan ba a ɗauke ba. Nigeria Airways, mai tambarin giwa da fukafukai, wanda ya yi shekaru yana kai alhazanmu Jidda, katsalandan da yawan ma'aikata da bashi suka durƙusar da shi, aka rushe shi a 2003. Bayan shekara ashirin, jirgin da aka nuna mana a Abuja da sunan sabon kamfanin ƙasa, Nigeria Air, na Habasha ne aka yi wa fenti. Wannan abu ya yi mini ciwo ƙwarai.

Yau Ethiopian na sauka a birane sama da sittin a Afirka. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai tafi Guangzhou sarin kaya, daga Kano yake hawa, ya sauya jirgi a filin Bole na Addis Ababa. A 2017, da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyaran titinsa, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna, manyan kamfanonin Turai sun ƙi zuwa, Ethiopian kuwa ya je.

Sai dai girma ya zo da nasa nauyi. Bole na cika maƙil a lokutan sauyin jirgi, kuma fasinjoji na kokawa kan jakunkunan da ke makara ko ɓata. Gaskiya ne kamfanin na ba mai dogon jira masauki a otal, kuma ana gina sabon fili a garin Bishoftu, kusa da Addis Ababa. Amma ginin zai ɗauki shekaru, alhali matar da ta sauka Kano babu jakarta yau take buƙatar ma'aikacin da zai saurare ta, ya bi mata sawun kayanta.