Me Ya Sa Muke Toshe Bakin Mai Shirin Tafiya Gida?

'Yan'uwana a cikin Almasihu, na ga wani abu a makon nan wanda ya hana ni sakewa, ba kuwa zan sami kwanciyar rai ba sai na faɗa muku shi. Mun je gaishe da wani dattijo mai bi wanda ciwo ya daɗe da kwantar da shi, likitoci kuma sun riga sun gaya wa iyalinsa gaskiyar halin da yake ciki. Bayan an gaisa, sai ya yi ƙoƙari ya ɗaga murya ya ce a saurare shi, domin yana ji a jikinsa cewa lokacin tafiyarsa ya yi kusa, kuma akwai maganganun da yake so ya bari. Bai rufe baki ba aka yi masa caa. Wannan ya ce, "Haba Baba, kada ka ƙara faɗin haka." Wancan ya ce, "Allah ya sawwaƙe, ai da sauran kwana." Wata kuma ta miƙe ta shiga tsawata wa ruhun mutuwa da ƙarfi, har dattijon ya kau da fuskarsa ya yi shiru. Aka fito ana ganin an ƙarfafa shi, alhali kuwa an bar shi shi kaɗai da abin da ya fi komai nauyi a zuciyarsa.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mu da muke tsaye da ƙafafunmu, mu ne tsoro ya kama a ɗakin nan. Kowace Lahadi muna rera waƙar tashin matattu da murya mai ƙarfi, muna shaida cewa mun gaskata da rai madawwami, amma da zarar wani ya ambaci mutuwarsa a gabanmu sai jikinmu ya ɗauki rawa, mu rufe masa baki, sa'an nan mu kira wannan rawar jiki bangaskiya. Manzo Bitrus ya riga mu yin haka. Sa'ad da Ubangiji Yesu ya fara bayyana wa almajiransa cewa lalle ne ya je Urushalima, ya sha wuya, a kashe shi, a rana ta uku kuma ya tashi, Bitrus ya ja shi gefe ya soma kwaɓarsa, yana cewa Allah ya sawwaƙe, wannan ba zai same shi ba. Ƙauna ce ta sa shi magana, babu shakka. Duk da haka kun san amsar da ya samu a Matiyu 16:23, amsa mai zafi ƙwarai, domin Ubangiji ya ce masa tunaninsa irin na mutane ne, ba na Allah ba. Macen da ta zuba masa man ƙanshi a Betanya kuwa, wadda mutane suka yi wa gunaguni, ita ce ya yaba, ya ce ta shafe jikinsa tun da wuri domin jana'izarsa.

Tsarkakan dā ba su ɓoye wa juna wannan magana ba. Yakubu ya tara 'ya'yansa a bakin gadonsa, ya yi wa kowanne magana, ya faɗi kogon da za a binne shi a Makfela. Yusufu ya sa 'yan'uwansa suka rantse za su ɗauki ƙasusuwansa ranar da Allah zai fitar da su daga Masar, Musa kuwa ya cika wannan alkawari a daren fita. Da a ce a zamaninmu suka yi wannan magana, da mun katse su da addu'ar ƙin mutuwa, da albarkar da suka sa wa 'ya'yansu ta tafi kabari tare da su. Idan ka je wurin wanda ya san kwanakinsa sun ƙare, ɗan'uwana, ka zauna, ka riƙe hannunsa, ka bar shi ya yi magana. Ka yi addu'ar warkarwa idan zuciyarka ta ba ka, Allah yana warkarwa har yau, amma kada addu'arka ta zama hanyar guje wa abin da yake so ya faɗa.

Ban ce duk wanda gabansa ya faɗi saboda mutuwa ya yi zunubi ba. Ina roƙonku kada ku ɗora wa mai rauni wannan kaya. Sarki Hezekiya, mutumin kirki, da annabi Ishaya ya gaya masa ya kintsa gidansa domin zai mutu, ya juya fuskarsa ga bango ya yi kuka mai zafi, Allah bai tsawata masa ba, har ya ƙara masa shekara 15. Ubangijinmu kansa a Getsamani ya ce ransa yana baƙin ciki matuƙa har kamar ya mutu, ya roƙa sau uku ko ƙoƙon wahalar nan zai wuce shi. A bakin kabarin Li'azaru ya zub da hawaye, ko da yake ya san cewa nan da ɗan lokaci kaɗan zai kira shi ya fito. Littafi Mai Tsarki bai taɓa yi wa mutuwa kwalliya ba, ya kira ta abokiyar gaba, ta ƙarshe da za a hallaka. Abin da nake kuka a kai shi ne mu bar tsoronta ya hau kujera a zuciyarmu yana ba da umarni, muna bi.

Wasiƙar Ibraniyawa 2:14-15 ta ce Almasihu ya ɗauki nama da jini irin namu domin ta wurin mutuwarsa ya karya ikon Iblis, ya kuma 'yanta waɗanda tsoron mutuwa ya sa suka zauna cikin bauta duk tsawon ransu. Ku duba wannan bauta yadda take a cikinmu. Tsoron mutuwa ne ya sa Ibrahim, uban masu bangaskiya, ya ce matarsa Saratu 'yar'uwarsa ce, har sau biyu, a Masar da kuma a Gerar. Shi ne yake sa mai bi wanda aka yi wa baftisma ya yi mafarki mara daɗi, gari na wayewa ya ruga wurin wanda zai duba masa ko ya ba shi abin kāriya a ɓoye. Shi ne yake sa mu miƙa kuɗinmu ga duk wanda ya kira kansa annabi ya ce ya ga akwatin gawa a gidanmu, sai mun ba da wani abu kafin ya kawar da shi. Waɗannan mutane sun gane inda muke da rauni, da shi suke ci. Tsoron nan ne yake sa wani ya ƙi zuwa a duba lafiyarsa don kada a gaya masa abin da ba ya so ya ji, har ciwon da zai warku da wuri ya fi ƙarfin magani. Wani kuma ya ƙi rubuta wasiyya, wai yin haka kiran ajali ne, ya tafi ya bar matarsa da 'ya'yansa cikin rigimar gādo. Duk wannan gudu bai ƙara wa kowa ko sa'a ɗaya ba, kamar yadda Ubangiji ya tambaya, wane ne a cikinku zai iya ƙara tsawon ransa ta wurin damuwa? Mutuwa rigar kowa ce. Hezekiya ya cinye shekarunsa 15 ya tafi.

Wasu za su ce ba don kansu suke tsoro ba, sai don ƙananan 'ya'yan da za su bari. Wannan damuwa ce ta gaske, ba na raina ta. Yesu ma yana rataye a kan gicciye ya dubi mahaifiyarsa ya danƙa ta ga almajirin da yake ƙauna. Ka yi irin haka tun kana da ƙarfi, ka shirya abin da za ka iya shiryawa, ka gaya wa iyalinka inda abubuwa suke, sauran kuma ka bar wa wanda ya kira kansa Uban marayu da mai kāre gwauraye. Ba kai ne kake riƙe da su ba ko a yau da kake raye.

Amma akwai wani tsoro da ya fi waɗannan zurfi, wanda ba ma faɗa wa kowa, kuma a kansa nake so mu tsaya. Da yawa daga cikinmu ba kabari muke tsoro ba sosai, abin da yake bayan kabari ne yake hana mu barci. Mun san an ƙaddara wa mutum ya mutu sau ɗaya, bayan haka sai shari'a, mun kuma san abin da muka aikata wanda ko wanda muke kwana ɗaki ɗaya da shi bai sani ba. Manzo Bulus ya faɗi wannan a fili a 1 Korintiyawa 15:56, cewa ƙarin mutuwa zunubi ne. Kunamar da aka cire wa ƙari za ta iya hawa jikinka, ka ji tsikar jikinka ta tashi, amma ba ta da abin da za ta harbe ka da shi. Abin da ya faru a kan gicciye ke nan. Idan zunubinka yana kan Almasihu, ba sauran hukunci a kanka, mutuwa kuma ba ta da wata takarda da za ta kai ƙararka da ita. Idan kuwa har yanzu kana rungume da wani zunubi kana lallaɓa shi, kana zuwa sujada kana komawa gare shi, to, kada ka yi mamakin faɗuwar gabanka, kuma babu mai addu'ar da zai cire maka ita. Wannan tsoro jinƙan Allah ne yake ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Kada kuma ka ce ayyukanka ba su isa ba. Ba su isa ba, ba kuwa za su taɓa isa ba. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu ba shi da sauran lokacin yin wani aikin kirki, hannuwansa a ɗaure suke, roƙo ɗaya kawai ya yi cewa a tuna da shi, aka ce masa yau ɗin nan zai kasance tare da Ubangiji a Firdausi.

Ku sake duban Bitrus ɗin nan. A daren da aka kama Ubangijinsa, tambayar wata baiwa ta sa ya yi musun saninsa, har da rantsuwa. Shekaru bayan haka, sarki Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, ya kama Bitrus ya jefa a kurkuku. A daren da za a wayi gari a fito da shi, yana ɗaure da sarƙa biyu tsakanin soja biyu, barci yake yi, barci mai nauyi har sai da mala'ika ya buge shi a kwiɓi kafin ya farka. Halinsa bai canja don ya zama jarumi da ƙarfin kansa ba. Ya shiga kabarin Yesu ya tarar da likkafani a ajiye, ya ci abinci tare da wanda ya mutu ya tashi, an gafarta masa musunsa, Ruhu Mai Tsarki kuma ya sauko masa. Wanda ya ce shi ne tashin matattu da rai, wanda ya gaya wa Yahaya a tsibirin Batmusa cewa mabuɗan mutuwa da na Hades, wato wurin zaman matattu, suna hannunsa, shi ne Ubangijinmu mu ma. Shi ya sa Bulus ya iya rubutawa daga kurkuku cewa a gare shi rayuwa Almasihu ce, mutuwa kuwa riba, ya kuma gaya wa mutanen Tasalonika su yi baƙin ciki, amma ba irin na marasa bege ba.

Ina roƙonku saboda jinƙan Allah, ku daina gudun wannan magana. Iyaye, ku yi ta da 'ya'yanku tun kuna da lafiya. Fastocinmu da dattawan ikilisiya, ku koya mana yadda mai bi yake mutuwa, kada mu riƙa jin wannan wa'azi a wurin jana'iza kaɗai. Kai kuma da kake karanta wannan kana jin zuciyarka tana bugawa, ka san zunubin da Ruhu yake nuna maka. Ka durƙusa yau ka faɗa wa Ubangiji shi da sunansa. Idan akwai hakkin wani a hannunka, ka mayar masa. Idan akwai wanda ka yi shekaru ba ka yi wa magana, ka kira shi kafin ka kwanta.