Maharan tekun Ayalan da muryar wanda aka kama

Wanda ya zauna a yammacin ƙasar Ayalan ba zai daɗe ba sai ya ji sunan Grace O'Malley, matar da ta riƙe gaɓar Clew da tsibirin Clare a ƙarni na 16, jiragenta suna tare na fatake suna karɓar kuɗin wucewa, wanda ya ƙi kuma a kwashe masa kaya. Hasumiyarta ta Rockfleet na nan tsaye a bakin ruwa, ginin dutse mai ƙananan tagogi, kuma mutanen yankin suna alfahari da cewa a 1593 ta je har Greenwich ta gana da Sarauniya Elizabeth ta ɗaya domin a sako ɗanta, wanda gwamnan Ingila na lardin Connacht da ke yammacin Ayalan, Richard Bingham, ya tsare. Yadda suke ambatonta bai bambanta da yadda muke yi wa Sarauniya Amina ta Zazzau kirari ba: ana tuna jarumtaka, ba a cika tambayar halin waɗanda aka ci da yaƙi ba.

Sai dai tarihin harin teku a nan ya girmi O'Malley da shekaru fiye da dubu. A ƙarni na 5 maharan Ayalan suna tsallakawa gaɓar Birtaniya suna kamo mutane, kuma cikin waɗanda suka kamo akwai wani yaro ɗan kimanin shekara 16 mai suna Patrick, wanda ya yi shekara shida yana kiwo a hannun ubangidansa kafin ya gudu. Daga baya abin ya juyo kansu: maharan Viking daga arewacin Turai suka fara kawo farmaki a 795, suka kafa sansani a Dublin a 841, garin ya zama babbar kasuwar bayi. A 1631 kuma jirage daga Aljes suka dira ƙauyen Baltimore na kudancin Ayalan da dare, suka tafi da mutum fiye da ɗari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wannan yaron da aka sato shi ne mutumin da ƙasar ta fi girmamawa a yau, domin daga baya ya dawo Ayalan yana wa'azin addinin Kirista, kuma ana yi masa biki kowace ranar 17 ga Maris. Ya rubuta labarin kamunsa da kansa, ya kuma rubuta wasiƙa mai zafi ga sojojin wani sarki, Coroticus, da suka karkashe wasu mabiyan Patrick suka sayar da sauran. Saboda haka ɗan makaranta a nan yana jin labarin hari daga bakin wanda aka ɗaure.

Mu ma muna da irin wannan murya, amma mun yi sakaci da ita. An kama wani Bahaushe mai suna Dorugu yana yaro a yankin Damagaram, aka sayar da shi har ya kai Kukawa, inda wani Bajamushe mai binciken ƙasashe, Overweg, ya 'yanta shi. Ya bi abokin tafiyar Overweg, Barth, zuwa Timbuktu, sannan Ingila a 1855, ya ba wani ɗan mishan mai nazarin Hausa, Schön, labarin rayuwarsa da Hausa, ya ƙare yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Kano. A ganina, littattafan tarihinmu na makaranta da suke lissafa sarakuna da garuruwan da suka ci ya kamata su ware wa Dorugu babi guda, yara su karanta da Hausarsa yadda aka raba shi da iyayensa.