Taswirarku ta tsaya a Kwangwalam, mashaƙo bai tsaya ba

Na karanta rahoton nan naku kan yadda mashaƙo ke bazuwa daga Kano zuwa maƙwabta, da taswira da alƙaluman NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya. Amma fa waɗanda suka kai asibiti kawai ake ƙirgawa. Mu nan Daura yaro sai ya kwana uku da zazzaɓi, wuya ya kumbura, farin abin nan ya lulluɓe maƙogwaro, a ce hangum ne ko beli, a nufi wanzami.

Haka aka yi da ɗan ƙanwata. Da muka kai shi asibiti, yara biyu a gado ɗaya, ma'aikaciyar jinya ɗaya tal tana zirga-zirga, maganin karya dafin cutar kuma sai da muka jira. Allah dai ya yi da sauran kwanansa.

Sannan me ya sa taswirarku ta tsaya a iyaka? A 2023 Matamaye da ke Damagaram a Jamhuriyar Nijar ta sha fama da cutar nan, alhali kullum ana ƙetarawa ta Kwangwalam da ke bakin iyakar Najeriya da Nijar, ranar Lahadi kuwa kasuwar Mai'adua ba masaka tsinke. Allurar penta, wadda ke kare yara daga mashaƙo, kyauta ce, a sati 6 da 10 da 14 da haihuwa, amma a layinmu na san gidaje uku da ko katin rigakafi babu.