Masu haɗa Linux, data da wuta ne matsalarmu, a bar batun fenti tukuna

Tun da Microsoft ta janye hannu daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025 'yan uwa masu harkar kwamfuta suke ta cika mana waya da ku koma Linux, ku koma Linux, wato tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta da ake sakawa a madadin Windows. Ni dai ban ƙi ba, na daɗe a ciki, yanzu haka ma a kan Linux Mint, ɗaya daga cikin ire-iren Linux ɗin, nake buga wannan rubutun. Kuma hujjarsu mai ƙarfi ce, Windows 11 tana neman TPM 2.0, wani ɗan na'urar tsaro a cikin kwamfuta, da furosesa ɗan ƙarni na 8 zuwa sama in Intel ne, alhali in ka zaga shagunan Ahmadu Bello Way da wajen Taminus a nan Jos ka duba abin da talaka yake iya saya, EliteBook 840 G3 ne da ThinkPad T460 da ire-irensu, tokumbo 'yan ƙarni na 6, lafiyarsu ƙalau amma a hukumance an ce ba su cancanta ba. To waɗannan Linux ce gatansu, babu musu.

Amma fa a gaya wa juna gaskiya. Duk lokacin da sabuwar Ubuntu, wata fitacciyar nau'in Linux, ko GNOME, fuskar da ake gani a allonta, ta fito, abin da ake ta yayatawa shi ne an canja kalar kaza, an zagaye kusurwar taga, hoton bango ya yi kyau. Madalla. Mu nan ba wannan ne ya dame mu ba. Mutanen da suke haɗa abin nan suna zaune ne a inda wuta ba ta ɗaukewa kuma intanet ɗin gida ba a ƙirga shi da giga, shi ya sa komai nasu an gina shi a kan cewa kana da waɗannan biyun. Mu kuwa su ne ba mu da su.

Mu fara da data. A da Ubuntu a faifan CD ɗaya take shiga, mega 700, har zuwa 12.04, kai har kyauta kamfanin Canonical mai Ubuntu yake aiko da faifan ta gidan waya a ƙarƙashin shirin ShipIt kafin su rufe shi a 2011, da yawan waɗanda suka fara sanin Linux a ƙasar nan ta wannan faifan suka san ta. Yau Ubuntu 24.04 kusan giga 6 ce. Ɗalibin da yake Naraguta yana lallaɓa giga biyu ta kai shi ƙarshen wata, ka ce masa ya sauke wannan? Mint ta ɗan fi sauƙi, wajen giga 3, amma ita ma kana gama sakawa za ta ce ga abdet na jiran ka. Na san akwai masu sauƙin nauyi irin su Lubuntu da Xubuntu, amma sabon shiga bai san da su ba, sunan da ya ji shi zai nema.

Wanda ya fi ci min rai shi ne abdet da yake tafiya a ɓoye. Snap, wato tsarin da Ubuntu take kawo Firefox da wasu manhajoji da shi, sau huɗu a rana yake leƙawa ya ga ko akwai sabo, in ya samu ya sauke abinsa bai tambaye ka ba. Akwai yadda ake hana shi in kana kan data mai ƙirge, sai dai sai ka buɗe taminal, tagar da ake ba kwamfuta umarni a rubuce, ka rubuta umarni, ba a kunne yake zuwa ba. Kuma ko ka kunna ɗin, sai kwamfutar ta gane cewa layin mai ƙirge ne. In hotspot ɗin wayar Android ne tana ganewa da kanta don wayar tana sanar da ita, amma in ƙaramar MiFi ce irin wadda kowa yake yawo da ita a aljihu, sau da yawa sai ta ɗauka wayfai ɗin gida ne na a sha a yi wanka. Shawarata mai sauƙi ce wallahi. Tun wajen sakawa, a daidai inda ake tambayar ka yare da agogon garinku, a ƙara tambaya ɗaya, datarka ƙirgawa ake yi? In ka ce eh, to kada ko mega ɗaya ta fita sai an nuna maka girman abin an nemi izininka, kuma a ba ka damar ka ce a bari sai tsakar dare lokacin da garaɓasar data take. Wannan ba wani aikin shekara ba ne, duk kayan haɗin suna nan, kunna su ne ba a yi ba.

Sai batun raba kaya ba tare da intanet ba. Mu al'adarmu ce mutum ɗaya ya sauke, unguwa ta samu. Fim ne, karatu ne, manhaja ce, Xender da fulash sun gama magana. Ɗan Windows yana yawo da fulash cike da manhajoji, ya shiga shago ya saka wa kwamfuta biyar bai ƙona ko kwabo ba. A Linux kuwa ka kwafo fayil ɗin deb guda ɗaya, wato fayil ɗin saka manhaja, ka kai wa abokinka, sai ta ce tana neman wasu 'yan uwansa guda goma da babu su sai an hau intanet. Eh akwai apt-offline na saka manhaja ba intanet, akwai apt-cacher-ng da yake ajiye abin da aka sauke ga mai ɗakin kwamfutoci, akwai AppImage da yake fayil ɗaya ne ka danna ya tashi, na san su duka kafin wani ya zo ya tuna min. Amma wanne ne a ciki mai gyaran kwamfuta na Farin Gada zai yi amfani da shi yana sauri kwastoma na tsaye a kansa? Abin da muke so maɓalli ne a cikin shagon manhajar da zai ce kwashe wannan da duk abin da take buƙata ka zuba a fulash. Mutanen Mint da suka iya yin Warpinator don tura fayil tsakanin kwamfutoci a layi ɗaya, wannan ba zai gagare su ba.

Haka daraiban wayfai, wato 'yar manhajar da take sa katin wayfai ya yi aiki. Wasu tsofaffin laftop masu katin Broadcom in ka saka Linux wayfai ba ya tashi sai ka sauko da daraiba, daraiban kuma sai da intanet, kamar a kulle ɗaki ne a bar mukullin a ciki. Dabarar ita ce ka jona waya da kebul ka ba ta data ta USB, wannan kam yana aiki nan take, amma babu inda allon ya gaya wa sabon shiga haka. Layi ɗaya na rubutu ya isa.

Yanzu wuta. Nan ne abin dariyar yake. Manhajar abdet ta Ubuntu in ta ga kana kan batir sai ta yi maka nasiha cewa ya fi aminci ka jona da wutar bango kafin ka ci gaba. Wutar bango! Bawan Allah, a nan wutar bangon ce ba ta da amana. Rabin tokumbon da ake sayarwa batirinsu minti ashirin ne ko ma ya mutu gaba ɗaya, to in aka ɗauke wuta ana tsakiyar sakawa shi ke nan. Na ga wannan da idona a wani bisinis senta da ke hanyar Bauchi, yarinyar da ke buga takardu ta danna abdet da rana tsaka, wuta ta tafi kafin yaron shagon ya ja janareta, da aka kunna sai baƙin allo da rubutu fari, ga ɗalibai uku a kan benci kowa da fulash a hannu yana jiran furojet. Gyaran bai fi layi ɗaya ba, sudo dpkg --configure -a, amma ita ina za ta san wannan? Mai shagon ko la'asar bai bari ta yi ba ya sa aka mayar masa da Windows ɗinsa ta bayan fage, kuma har ga Allah ban ga laifinsa ba.

Maganin kuma yana nan a cikin gidan. openSUSE, wata nau'in Linux, tana ɗaukar hoton tsarin, wato ta ajiye kwafinsa, kafin ta taɓa komai, in abu ya lalace tun daga allon farko za ka zaɓi na jiya ka koma. Fedora Silverblue, ita ma wata nau'in ce, ita kuma sabon tsarin a gefe take haɗa shi, sai ya kammala tsaf sannan ta juya kansa, in wuta ta tafi a tsakiya tsohon yana nan ba abin da ya same shi. Mint tana da Timeshift mai irin aikin na openSUSE amma sai ka saita da kanka, mutane kuwa tsallakewa suke yi. Me ya hana irin wannan ya zama shi ne asali a duk wadda aka ce ta sabon shiga ce? Kuma a duba lafiyar batir kafin a fara, tsarin ya san batirin ya mutu, yana da alƙaluman, sai ya yi gargaɗi. Inda suka kyauta kuma a faɗa, GNOME 48 da ta fito a Maris ɗin 2025 ta kawo tsayar da caji a kashi 80 don batir ya daɗe, ga wanda laftop ɗinsa ya yarda da hakan. Irin wannan muke so a riƙa yi.

Takardu kuwa, a nan ake rasa mutane da yawa. Malami ya ce Times New Roman girma 12, a kawo a docx, fayil ɗin Microsoft Word. LibreOffice, manhajar rubutu ta kyauta da Linux take zuwa da ita, tana iyawa, kuma akwai Liberation Serif da aka auna shi daidai da Times New Roman, akwai Carlito a madadin Calibri, amma ba kullum Carlito yake zuwa a cikin tsarin ba, sai ka buɗe takardar da aka turo maka ka ga shafi ya zame, tebur ya tsallaka gaba. A sako su duka tun farko mana, sannan a tambayi mutum sau ɗaya ko yana so a riƙa ajiye masa a docx kai tsaye. Masu buga katin biki da kalanda da fastar 'yan siyasa kuma CorelDRAW ce rayuwarsu, Inkscape, manhajar zane ta kyauta, tana buɗe fayil ɗinta na cdr amma ba kullum yake fitowa yadda aka zana shi ba, ga rigimar CMYK, tsarin kalar da injin bugawa yake amfani da shi. Waɗannan ni ba na ma ce musu su koma, kada in raba mutum da abincinsa. Firinta ma haka, sababbi suna tashi da kansu, tsofaffin nan masu jure wahala da suka cika shagunanmu wasunsu sai an sauko musu da wani ƙarin fayil daga intanet tukuna.

Sai namu na gida, kibod ɗin Hausa. Da yawa ba su san akwai shi a Linux ba, yana nan cikin jerin, na Najeriya daban na Ghana daban, da ƙ da ɗ da ɓ duka. Matsalar a binne yake, sai ka tona, kuma in ka kunna babu abin da zai nuna maka inda haruffan suka koma sai ka yi ta lalube ko ka je ka buɗe hoton kibod ɗin. A waya ka danne k ka riƙe sai ƙ ta fito, yaro ma ya iya. Me zai hana a kawo irin wannan a kwamfuta? Sannan mutum ya zaɓi Najeriya a wajen sakawa, ai kamata ya yi a jero masa Hausa da Yarbanci da Ibo a gabansa ya zaɓa, da alamar ₦ a kusa. Ka rubuta Hausa a LibreOffice kuwa duk shafin ya yi ja da layi kamar ka yi laifi, don ba ta zuwa da ƙamus ɗinmu a ciki.

A nan kam ba zan ɗora wa Turawa duka ba. Linus Torvalds da ya fara abin nan a Helsinki a 1991, da Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu da ya kafa Ubuntu a 2004, ba su za su zauna su haɗa mana ƙamus ba. Fassarar Ubuntu a shafin Launchpad ake yi, ta LibreOffice a shafin Weblate, ƙofa a buɗe take ga kowa, ba a neman digiri. Muna da matasan da suka ɗaga Wikipedia ta Hausa da hannunsu, muna da masu karatun Hausa a jami'o'i da suke neman abin yin furojet, jerin kalmomi na Hunspell, manhajar da take duba kuskuren rubutu, aiki ne da aji ɗaya zai iya ɗauka a zango ɗaya in malami ya ga dama. Sai dai su ma masu karɓar ƙorafin su sassauta, mutum ya zo da Turancinsa na kame-kame ya ce wayfai ɗinsa ba ya yi, kada a jefe shi da tambayoyi goma na taminal a rufe maganar bayan wata biyu don bai amsa ba, ƙila datarsa ce ta ƙare.

Masu gyara na Taminus da Bukuru da ke bibiyata, ina da roƙo. Duk laftop ɗin da kuka saka wa Linux wani abu ya ƙi tashi, wayfai ne ko sauti ko maɓallin hasken allo ko firinta, ku rubuto min sunan samfurin da wadda kuka saka da lambarta. A Ubuntu in kun buga ubuntu-bug da sunan manhajar yana tattara bayanan da kansa, in Turancin ne matsala ku turo da Hausa ni zan juya in aika wa masu haɗa Linux ɗin.