Ba butar shayi ce ta haifi injin tururi ba

Jama'a, lokaci ya yi da za mu daina koya wa yara tatsuniyar nan ta James Watt da buta. Wai yana yaro ya zauna yana kallon murfin buta na rawa a kan wuta, sai dabarar injin tururi ta faɗo masa. A 1736 aka haifi Watt. A lokacin injin tururi ya riga ya shekara 24 yana aiki a Ingila, kuma wanda ya ƙera shi, Thomas Newcomen, ma ya rasu tun 1729.

Ruwa ne ya haifi injin nan. Masu haƙar kwal da kuza sun nutsa cikin ƙasa har ruwa ya fi ƙarfinsu, dawakai na jan guga dare da rana amma kamar ba a yi ba. Thomas Savery ya gwada nasa injin a 1698, sai dai ba ya iya tsotso ruwa daga zurfi, ga shi haɗin ƙarfensa ba ya jure matsin tururi. Wanda ya yi maganin abin shi ne Thomas Newcomen, mai sana'ar kayan ƙarfe a garin Dartmouth, shi da abokin aikinsa John Calley, mai gyaran famfo. Babu ɗan jami'a a cikinsu.

Injin da suka kafa kusa da Dudley a 1712, duk wanda ya san jigon ban ruwa a lambu zai gane siffarsa. Ƙaton gungumen katako ne a sama yana lilo, kansa ɗaya ɗaure da sandar famfo da ta sauka cikin rami, ɗaya kan kuma ɗaure da fistan, wato faifan ƙarfe mai hawa da sauka cikin silinda. Ƙarƙashin fistan ɗin silinda ce a tsaye, ƙarƙashinta tukunyar ruwa a kan wuta. Tururi zai cika silindar, sai a fesa ruwan sanyi a ciki, tururin ya koma ruwa nan take, wurin ya zama fanko. Daga nan nauyin iskar sararin nan da muke shaƙa shi ke danna fistan ƙasa, gungumen ya karkata, ruwa ya taso. Wato tururin ba ya tura komai, iska ce ke yin aikin. Sau 12 a minti ɗaya, kowane bugu kusan lita 45, daga zurfin kusan mita 50. A ganina, duk tarihin injiniyanci da wuya a sami dabarar da ta kai wannan kyau.

Aibinsa cin kwal. Kowane bugu sai an sanyaya silinda an sake ɗumama ta. A bakin ramin kwal ba wanda ya damu, amma a Cornwall, yankin haƙar kuza a Ingila, inda sai an yi dakon kwal daga nesa, abin ya zama jidali.

Nan Watt ya shigo, kuma ba zan tauye masa haƙƙi ba. An ba shi gyaran ɗan ƙaramin samfurin injin Newcomen a Jami'ar Glasgow, a 1765 ya gano cewa a ware wani mazubi daban inda tururi zai je ya huce, silinda ta zauna da zafinta. Wannan kaɗai ya rage cin kwal da kusan kashi uku cikin huɗu. To amma fa sai 1776 injinsa ya fara aiki na sosai, domin an rasa maƙerin da zai huda silinda ta fito daidai ba tare da tururi na zurarewa ba. John Wilkinson, mai ƙera igwa, shi ya fito da na'urar hudar a 1774. Kuɗi kuwa na Matthew Boulton ne, attajirin da ya zama abokin kasuwancin Watt.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ya biyo baya. Majalisar Birtaniya ta tsawaita wa Watt takardar mallakar ƙirarsa har 1800, shi da Boulton suna karɓar kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kwal da masu ma'adinan Cornwall suka rage, wanda ya taɓa ƙirar kuma sai kotu. Watt bai yarda da tururi mai matsi sosai ba, yana tsoron fashewar tukunya. Sai da wa'adin ya ƙare Richard Trevithick ya sami sarari, a 1804 ya ɗora injinsa mai aiki da tururi mai matsi a kan dogo a Wales. Jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911 daga wannan tsatson ya fito.

Sunan Watt yana kan kowane ƙwan lantarki a gidajenmu, Newcomen kuwa ko zanen fuskarsa ba a da shi. Duk da haka masu ramin kwal sun ci gaba da gina irin injin Newcomen tun Watt na raye, don ya fi arha kuma maƙerin gari na iya gyara shi. Wanda aka kafa a Elsecar a 1795 bai daina jan ruwa ba sai 1923.