Jan Farcen da Bai San An Tashi Biki Ba

Ni 'yar lalle ce tun tasowata a Jekadafari. A gidanmu in an ce kwalliyar hannu, lalle ake nufi, a ƙunsa da dare, a kwance da asuba, a yi alwala a kansa hankali kwance. Jan farce kuwa sai mace tana fashin salla, shi ma a ɓoye, don Goggo na hango shi a hannunki ta gama sanin lissafin watanki.

Da bikin ƙanwar maigidana ya matso, ƙawayen amarya suka yanke hukunci a WhatsApp cewa ban da anko, kowa sai ta yi farce ruwan goro, kuma na jel, wato jan farcen da ake gasawa da haske ya yi tauri. Ni matar yaya ce, an jefa ni cikinsu ne kawai don in riƙa karɓar kuɗin anko, amma mai riƙe da kuɗi ba ta yarda a ce ita ce baƙauya. Na duba kalanda, bikin ya faɗo daidai cikin hutuna na fashin salla. Na ce shi ke nan, a shafa ranar kamu, a goge bayan buɗar kai.

Shago biyu aka turo mana. Ɗaya ta wajen Tumfure, sai an yi waya an kama layi, kuɗinsa kuma sai da na goge fuskar wayata na sake karantawa. Ɗayan a wani lungu kusa da kasuwa, rabin kuɗin. Na nufi lungu.

Mai shagon mace ce mai fara'a, tun daga ƙofa ta naɗa mini sarautar Hajiya. Ta jawo faranti cike da 'yan kwalabe, wasu takardarsu ta goge, wasu da alama ba a taɓa manna musu takarda ba tun da aka halicce su. Na ɗaga ɗaya na ce, "Anti, wannan na wane kamfani ne?"

"Na waje ne, Hajiya. Sati uku ba ya motsi. Ki yi wanki, ki yi wanke-wanke, ki tuƙa tuwon gayya, yana nan daram."

Na ji wani daɗi har cikin raina. Sati ukun nan ya shiga kunnena a matsayin yabo, bai tsaya gaisawa da kalandar da na duba ba.

Ta goge saman faratana da sanfefa har suka yi fari, ta lafta jel mai kauri, wanda ya malalo kan fata kuma ta share shi da nata babban yatsan. Sannan ta tura hannuna na hagu cikin wani ɗan akwati mai haske ruwan shuni. Na leƙa ciki, wasu ƙwayayen suna ci, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Can sai wani zafi ya soke ni daga ƙarƙashin farce, na fizge hannu na yi salati. Ta ce, "Mayar, Hajiya, alamar yana kamawa ne."

Hagu ta kammala lafiya. An lafta wa dama kenan, ban ko kai ga akwatin ba, aka ɗauke wuta. Janareta na nan a ƙofa, amma yaron shagon ya tafi sayen fetur da galan tun hantsi, kuma daga yadda ta ambaci sunansa na gane ba ta sa ran ganinsa kafin magariba. Ta yi ɗan tunani ta ce, "Fita rana, Hajiya. Duk haske ɗaya ne. Ki ɗaga hannun sama sosai."

Haka na tsaya a bakin lungu, cikin ranar Gombe ta ƙarfe biyu, hannun dama a sama, yatsu a bubbuɗe. Ɗan acaɓa na farko ya ci burki. "Hajiya, ina muka nufa?" Na ce ba ko'ina. Na gaba ya tsaya, na ba shi haƙuri. Wani mai Napep har ya sa fasinjojinsa suka matsa mini. Wani dattijo da ya zo wucewa a kan keke ya ɗauka gaishe shi nake, ya sauka, ya tambayi mutan gida da gajiya da yara, ni kuma ina amsawa hannu a sama, don ba a yanke wa babba gaisuwa.

Saman ya yi tauri, ƙasan bai yi ba. Wannan ban gane shi ba sai a wajen dina, lokacin da gefen faratan dama suka fara tattarewa suna fitar da danƙo. Kafin a raba abinci sun kwashi tarihin bikin gaba ɗaya: zaren anko, ƙyalƙyalin mayafin amarya, har da yajin tsire. Na miƙa wa maroƙiya ɗari biyar, takardar ta ƙi rabuwa da yatsana. Ta ja, hannuna ya biyo. Ta ɗaga murya a lasifika, "Matar yaya mai kyauta da igiya! Saki mana, 'yar manya!" Har yau akwai dangin miji da ke kirana da wannan kirarin.

Aka tashi biki, hutuna ya ƙare da safe, wanka ya wajaba, ga azahar na tafe. Na ɗauko ruwan goge jan farcena na kullum, na jiƙa auduga na murza hagu. Audugar ta fito fara fes. Na gwada lemon tsami. Na gwada kananzir. Maigida ya leƙo ya ce akwai mai fentin mota a Bolari da ya sani, ko a karɓo mini tina? Na ce ya fita. Na kama reza na fara kankara, sai na ga abin da ke fitowa ba jel kaɗai ba ne, har da farcen da Allah ya ba ni. Gefen yatsun dama kuwa sun yi ja, ƙaiƙayi ya hana ni sakat.

Nan na kira Adda. Yayata ce, mai harhaɗa magunguna, irin mutanen da ko ruwan leda aka ba su sai sun juya shi sun karanta. Ta iso da kwalbar asiton, ruwan da ke sa jel ya saki, da auduga da man basilin, ta kama hannuna tana jujjuyawa.

"Me aka rubuta a jikin kwalbar?"

"Ba a rubuta komai ba, Adda."

"Lambar NAFDAC fa? Lambar rukunin da aka sarrafa? Ranar lalacewa?"

"Adda, ko suna babu."

"Ke da kike tsare mai kanti kina juya gwangwanin madara? Araha dai ba ta ado."

Ta goge ƙyallin saman da sanfefa a hankali don asiton ya sami hanyar shiga, ta shafa basilin a fatar gefe, ta aika a kashe gas a kicin domin asiton ba ya wasa da wuta. Tana yi tana karatu. Wai jel ba bushewa yake yi ba, shi ya sa iska da haƙuri ba sa masa komai. Ruwan roba ne, hasken UV, irin na cikin akwatin nan, shi ke ɗaure ƙananan sinadaransa su zama abu guda mai tauri, kuma ɗaurin nan ne ke fitar da zafin da ya sa ni salati. In an lafta da kauri, ko an goge farce ya yi siriri, zafin ya fi yawa, haske kuma ba ya kaiwa ƙasa. Kowane jel da irin fitilar da aka yi shi dominta da daƙiƙoƙin da yake buƙata. Fitila mai matattun ƙwayaye, balle ranar bakin lungu, saman kawai take gasawa.

Ɗanyen da ya rage shi ne abin tsoro, in ji ta. Akwai wani sinadari a yawancinsu, HEMA, ƙanƙani ne sosai, yana ratsa fata, in jiki ya gane shi ya yi bori da shi to ba ya mantawa har abada. Tun 2018 ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi kan yawaitar masu wannan matsala, daga 2021 kuma Tarayyar Turai ta ce kayan farce masu HEMA sai ƙwararru, kuma a rubuta gargaɗin a jikin kwalba. Wani sinadarin mai suna TPO, wanda ke sa jel ya amsa haske, sun hana shi gaba ɗaya a kayan kwalliya daga 1 ga Satumba 2025, saboda abin da gwaji a kan dabbobi ya nuna game da haihuwa.

"Naki zai iya zama kananzir da reza ne suka ƙona fatar," ta ce tana naɗe mini yatsa, "zai iya kuma zama farkon borin. Likitan fata ne zai manna miki gwaji a baya ya tantance. In ya tabbata, duk ranar da za a cike miki haƙori da farin ciko, ko a tsufa a ce za a sa miki gwiwar ƙarfe, sai kin faɗa musu, don dangin sinadarin nan suna cikin abin da ake liƙawa da shi."

Na ce, "Adda, daga farcen biki har mun kai gwiwar tsufa?"

Ta ce in rufe baki in miƙo ɗan yatsa.

Takardar alminiyam ɗin da aka naɗo ragowar kajin biki ita ta yi mana aiki. Kowane yatsa da jiƙaƙƙiyar audugarsa da rawaninsa na azurfa, na zauna hannu a miƙe kamar tsiren da ke jiran mai saye. Adda ta ce minti 15, kada in motsa. Ba a ci rabi ba aka yi sallama: Inna ce, surukata, ta zo bangajiya da rakiyar mata biyu. Na durƙusa na kai hannuwa baya, amma alminiyam ba ya riƙe sirri, ko numfashi na yi sai ya yi ƙara.

"Me kike ɓoyewa, 'yar nan? Kawo in gani."

Na fito da su. Ta daɗe tana kallo, ta ce ko kunama ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ce lalle ne na zamani, Inna. Ta ce su da zunguru suka yi nasu, kuma ba ta tuna ranar da ya sa aka kira mai magani ba. Adda ce ta kawo musu ruwa, tana danne dariya har kofuna na rawa a faranti.

Jel ya saki, ya tattare, aka ture shi da ɗan tsinke. Na samu azahar a kan lokaci. Inda reza ta bi kuwa sai haƙuri, domin farce kamar milimita 3 yake tsiro a wata, kusan wata shida kafin sabo ya maye tsohon.

Adda ba ta bar maganar nan ba, washegari ta tasa ni gaba har lungun. Ta nemi lambar NAFDAC, Anti ta ce tana jikin kwali. Kwalin fa? An zuba gawayi a ciki. Ta fito da uwar kwalbar da take ɗurawa daga ciki, Adda ta nuna mata ɗan hoton buɗaɗɗen gwangwani mai 12M, ta ce ma'anarsa wata 12 bayan an buɗe. Anti ta ce ai wannan mai albarka ce, tun bikin ƙanwarta take aiki da ita, yanzu ɗan ƙanwar na biyu ke rarrafe. Sai Adda ta kama babban yatsan matar, wanda take share jel da shi. Duk ya tsattsage, fatar na saɓulewa, ita kuma tana ɗora laifin a kan sabulun wanki. Muryar Adda ta sauko. Ta ce ta nemi safar hannu ta naitiril, ta daina taɓa ɗanyen jel, ta sauya fitila, ta riƙa shafawa siriri-siriri, ta kuma je a duba hannun.

Matar ta saurara da kyau, har ta sa aka rubuta mata sunan safar a bayan rasit. Ta rako mu bakin lungu tana ta godiya, sannan ta riƙo mayafina ta rage murya.

"Hajiya, ki yi haƙuri da abin da ya faru. In wani bikin ya taso ki zo, na ƙafa kyauta zan yi miki."